Zare: Ranar da Baba ya kusa jefa sabon tabarau a kwata, da tarihin da ke bayan abin

1/ Yau zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama. A kan tabarau ne, irin wanda ake rubuta wa iyayenmu idan sun haura arba'in. Ni ba likitan ido ba ne, ɗalibin tarihi ne ɗan aji uku. Wani abu ne ya faru a gidanmu a Kakuri, shi ya sa na shiga tone-tone, na ga bai kamata in bar wa kaina ba.

2/ Babana tela ne, shekararsa 53. Kafin ɗinki ma'aikacin masaƙa ne. Ga wanda bai san Kakuri ba, nan ne cibiyar masaƙun Arewa a da. An buɗe KTL a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex ta biyo a 1962, UNTL a 1964, Arewa Textiles a 1965. Dubban mutane suka ci abinci a wannan unguwa.

3/ Aikin Baba a ɗaya daga cikin masaƙun nan shi ne duba yadi. Yadi na wucewa a gabansa ƙarƙashin fitila, shi kuma ya kama inda zare ya tsinke ko launi ya zarce. Wato idonsa ake biya. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, tasu ma ta tafi a wannan tsakanin. Sai ya sayi keken ɗinki ya kama shago.

4/ Tun yana wajen 45 muka fara lura. In saƙo ya shigo waya sai ya miƙe hannu har ƙarshe kafin ya karanta. In zai sa zare a allura sai ya kira yaron shago, wai yana koya masa ne. Da yamma ciwon kai. In Umma ta yi magana ya ce ai fitilar shagon ce ba ta da haske. Mun canza ƙwai sau uku wallahi.

5/ Asiri ya tonu ne a ɗinkin wata ƙaramar sallah. Ya duba littafin awo, ya karanta 38 a matsayin 33, da rubutun hannunsa fa. Ya yanka shaddar mutum. Shi ya biya kuɗin shaddar, kwastoman kuma bai sake dawowa ba. Ran nan bai ci abincin dare ba. Mutumin da aka taɓa biya saboda kaifin ido, kun san abin da zai ji.

6/ Washegari ya je kasuwa wajen masu baza tabarau a faranti. Mai sayarwar bai tambaye shi komai ba sai "Alhaji, shekarunka nawa?" Ya miƙo masa ɗaya tare da guntun jarida. Rubutu ya fito tar. Matsalar ita ce da ya ɗaga kai titi ya zama hazo. Sai a sa a cire, a sa a cire. Cikin shekara biyu ya ɓatar ko ya karya sun fi biyar.

7/ Kuma ko shi ɗin a ɓoye yake sawa. Dalilinsa shi ne maganar da duk mun sani: wai gilashi cinye ido yake, in ka fara ba ka dainawa, kullum sai an ƙara maka lamba. Hujjarsa kuwa abokansa ne: duk wanda ya fara da +1.00, bayan 'yan shekaru sai ka gan shi da +2.00. To bari mu ga abin da ke faruwa a zahiri.

8/ A bayan baƙin idonka akwai wani ɗan gilashi na halitta, mai laushi. In za ka kalli abu na kusa, wata tsoka ce ke sa shi ya ƙara kumbura don hoton ya zauna daidai. Tun daga yarinta yake taurara a hankali. Yaro ɗan shekara 10 zai iya ganin rubutu tar a tazarar da ba ta wuce santimita 10 ba. Ɗan 60 kuwa sai wajen mita guda.

9/ A wajen 40 zuwa 45 ne tazarar ke wuce inda muke riƙe littafi ko allura. Likitoci na ce masa firesbiyofiya, daga Girkanci, ma'anarsa idon dattijo. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Franciscus Donders, ya auna yadda wannan ƙarfi ke raguwa da shekaru, ya wallafa a 1864. Lambar kan fara daga +1.00, ta tsaya wajen +2.50 a kusan shekara 60.

10/ Kenan abokan Baba da lambarsu ta hau, ko sun sa gilashi ko ba su sa ba haka za ta hau. Kamar furfura ne. Kakata ta wajen uwa ba ta taɓa sa tabarau ba a rayuwarta, amma ta ajiye ɗinkin hula kafin ta kai 50, ta ce ido ya tafi. Ta yi shekara ashirin da wani abu bayan nan da ƙarfinta, ba sana'a.

11/ Yanzu mu koma baya. Tushen ilimin yana wajen Ibn al-Haisam, haifaffen Basra a wajen 965, wanda ya yi aikinsa a Alƙahira. A Kitabul Manazir ya kafa hujja cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, saɓanin masu cewa ido ne ke fitar da haske. An fassara littafin zuwa Latin a wajen 1200, malaman Turai suka ɗora a kai.

12/ Tabarau kansa a Italiya ya ɓulla, wajen 1286. Ba a san sunan wanda ya ƙirƙiro ba. Yadda aka san lokacin shi ne, wani mai wa'azi, Giordano na Pisa, ya faɗa a huɗubarsa a birnin Florence a 1306 cewa ba a cika shekara ashirin da gano wannan sana'a ba, kuma shi ya ga mutumin da idonsa, har sun yi magana.

13/ Abin da ya ba ni mamaki: tabarau na farko a duniya domin matsalar Baba aka yi shi. Na masu rashin ganin nesa sai a ƙarni na 15 ya zo. Masanin tarihin tattalin arziki David Landes yana ganin wannan ƙirƙira ta ninka shekarun aikin gwanayen masu sana'ar hannu a Turai. Da, gwani na kaiwa ganiyar iyawarsa sai ido ya sallame shi.

14/ Kun tuna tambayar mai faranti, "shekarunka nawa?" Tsohuwar hanya ce. A 1466 fadar sarkin Milan ta aika Florence a sayo mata tabarau guda 200, kuma a takardar odar an jera su ne bisa shekaru, biyar-biyar, daga na ɗan 30 har na ɗan 70. Wato mai farantin kasuwarmu yana aiki da tsarin da ya haura shekara 550.

15/ Na farkon ba su da hannu, a kan hanci ake ɗora su ko a riƙe. Sai a ƙarni na 18 a Landan aka fara yi musu hannuwa a gefe. Amma babbar matsalar tana nan: gilashi ɗaya, tazara ɗaya. Wanda ke buƙatar na nesa da na kusa dole ya yi yawo da biyu. Sa-cire ɗin Baba ke nan, tsohon ciwon kai ne.

16/ Benjamin Franklin na Amurka ya gaji da haka. A wasiƙunsa na 1784 da 1785 ya bayyana yadda ya sa aka raba gilasansa biyu aka haɗa rabi da rabi: sama na nesa, ƙasa na kusa. Lokacin yana jakada a Faransa. Ya ce a wurin cin abinci yana ganin abin da ke farantinsa, yana kuma ganin bakin mai magana, abin da ya taimaka masa gane Faransanci.

17/ Wannan shi ne mai gida biyu, wanda kuke gani da layi a tsakiya a idon tsofaffi. Yana aiki, amma da aibi uku. In ido ya tsallaka layin hoto kan yi tsalle. Babu tazarar tsakiya, kamar fuskar wanda ke tsaye gaban teburinka. Na uku kuma layin na tona shekaru, kuma wannan ya fi damun mutane fiye da yadda suke faɗa.

18/ Wani Baturen Ingila, Owen Aves, ya yi rajistar dabarar gilashi mara layi a 1907, amma ba a iya ƙera shi a sayar ba. Wanda ya ci nasara shi ne injiniya Bernard Maitenaz na Faransa, wanda aka ce mai gida biyun mahaifinsa ne ya dame shi. A 1959 aka fitar da nasa da sunan Varilux. Shi ne kakan duk furogiresif na yau.

19/ Yadda yake: sama na nesa ne, ƙasa na karatu, tsakaninsu kuma ƙarfin na ƙaruwa a hankali ta wani siririn lungu. Babu layi, babu tsalle. Ka ɗan ɗaga haɓa ko ka sauke, sai ka samu daidai tazarar da kake so. A takarda kam babu abin da ya fi shi. Amma akwai kuɗin da ake biya, ban da na aljihu.

20/ Gefe da gefen wannan lungu, dama da hagu ta ƙasa, hoto a murɗe yake. Wani masanin lissafi Bajamushe, Minkwitz, ya nuna a 1963 cewa wannan murɗewa dole ce: muddin ƙarfi na canzawa daga sama zuwa ƙasa, sai gefe ya ɓaci. Masu tsada suna tura ɓacin can gefe su sassauta shi. Babu kamfanin da ya iya kawar da shi gaba ɗaya.

21/ A nan Arewa fa? Asibitin ido na mishan da ke Kano, wanda yanzu ake kira na ECWA, an buɗe shi a 1943. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna wajen Mando, dokar da ta kafa ta ta 1979 ce. Jami'ar Benin ta fara koyar da awon ido a farkon shekarun 1970, hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista kuma ta zo a 1989.

22/ Lissafa ku gani: daga Pisa zuwa lokacin da talakan Arewa ya samu inda za a auna masa ido, an haura shekara 650. Binciken ƙasa na 2005 zuwa 2007, da ya duba mutum sama da 13,000 'yan 40 zuwa sama, ya gano fiye da rabin masu matsakaicin raunin gani tabarau kawai suke buƙata. Ba mamaki har yanzu muna yi wa abin kallon baƙo.

23/ Mu dawo gida. Bara da hunturu ni da Umma muka matsa wa Baba har ya yarda aka je asibitin ido. Aka auna. Likita ta ce ganinsa na nesa ma yana da 'yar matsala, na kusa kuma ƙarin +2.00. Ta duba hawan jinin ido da bayan ido, lafiya lau. Ta ce tunda yana ɗinki yana kuma hawa mashin, ya gwada mara layi.

24/ Da muka ji farashi muka ce bari mu duba waje. Muka kai takardar wani shago da ya yi mana sauƙi. Baba ya zaɓi wani siririn firam, irin na 'yan gayu. Mai shagon ya karɓi takarda da kuɗi, ya ce a dawo bayan sati. Bai sa wa Baba firam ɗin ya auna komai ba. Mu ma ba mu san ana yi ba. Ku riƙe wannan.

25/ Ko da sauƙin, kuɗin ya kai ladan ɗinkin kaftani kusan goma. Ranar da ya sa, tun a bakin shagon ya dafa bango. Ya ce ƙasa na tasowa tana zuwa masa. In ya juya kai sai gine-gine su yi kamar suna iyo. Ya duba waya, sai ya ɗaga haɓa kamar mai kallon jirgi kafin ya ga rubutu. Daren nan da jiri ya kwana.

26/ Kwana na uku, zai tsallaka kwatar ƙofar gida da asuba, ya kalli ƙasa ta ɓangaren karatu, ya taka iska. Ƙafa ɗaya ta faɗa, gwiwa ta goge. Ya cire tabaran ya ɗaga hannu zai wurga, na riƙe. Ya ce, "Kai ɗan boko, kuɗina kuka sa na sayi makanta?" Na ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri, ka ba ni sati guda in bincika."

27/ A nan ƙanwata ta kawo shawara: me zai hana Baba ya koma kwantak, ɗan gilashin nan mai laushi da ake liƙawa a kan ƙwayar ido? Ba firam, ba jiri, ba wanda zai san ya sa. Ta gani a wajen masu kwalliyar amare. Baba ya yi shiru, na ga alamar maganar "ba wanda zai sani" ta shige shi. Sai na bi tarihin wannan ma.

28/ A 1888 wani likita a Zurich, Adolf Fick, ya gwada na farko. Gilashi ne na gaske, mai faɗi, yana rufe har farin ido. Ya fara da zomaye, sannan kansa. Awa kaɗan ake iya jure shi. A 1948 Kevin Tuohy a Kalifoniya ya fito da ƙarami na roba mai tauri, wanda ke zama a kan baƙin ido kaɗai.

29/ Mai laushin da ake sawa yau aikin Otto Wichterle ne, masanin sinadarai a Prague. Da aka ƙi ba shi goyon baya a wurin aiki, sai ya haɗa na'ura a gidansa a ƙarshen 1961 da kayan wasan yara da ɗan janareton fitilar keke, ya zuba na farko. Kamfanin Bausch & Lomb ya fara sayar da shi a Amurka a 1971.

30/ To ga mai idon dattijo, kwantak hanya uku gare shi. Ɗaya: a sa na nesa, a riƙa ɗora tabaran karatu a kai, an koma sa-cire ke nan. Biyu: ido ɗaya a saita shi nesa, ɗaya kusa, ƙwaƙwalwa ta riƙa zaɓa. Uku: mai zobe-zobe, wanda ke shigo da hoton nesa da na kusa a lokaci guda.

31/ Kowacce da nata. Ta biyu na rage iya gane zurfi da tazara, abin da mai mashin ke rayuwa da shi a kan gadar Kaduna da yamma. Ta uku na rage kaifin gani kaɗan, kuma da dare fitilun mota kan yi kambi. Ga wanda zai zura baƙin zare a kafar allura, "kaɗan" ɗin nan ba kaɗan ba ne. Shi ma kuma sai an yi sabo.

32/ Sannan ga inda muke zaune. Kwantak na son ido mai danshi, ido kuwa na ƙara bushewa da shekaru. Ƙara da iskar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar titi a kan mashin, da burbushin yadi da ke tashi a shago kullum. Ƙwayar ƙura ɗaya ta shiga ƙarƙashinsa, sai ka tsaya ka cire, da hannu mai tsabta, a inda kake.

33/ Babban abin shi ne ruwa. Doka ce kada ruwan famfo, na rijiya ko na burtsatse ya taɓa kwantak. Akwai wata ƙwayar cuta, Acanthamoeba, da ke rayuwa a ruwa, in ta maƙale tsakaninsa da ido tana iya cin baƙin ido har a rasa gani. Mutumin da ke wanke fuska a alwala sau biyar a rana, dole a yi wannan lissafi da shi.

34/ 'Yan uwana mata, a nan zan ɗan tsaya. Masu launin nan da ake sa wa amare, in an ciro daga idon wata aka sa miki, ko aka jiƙa a ruwan leda, ko kika kwana da shi, hatsarin ɗaya ne. In ido ya yi ja yana zafi ko ba ya son haske, a cire nan take a tafi asibiti ranar, kada a tsaya ɗiga maganin kemis.

35/ Kada a ce na kushe kwantak. Ga mai aiki a ofis, ko mai wasanni, ko mai babbar lamba da tabarau ke yi wa nauyi, yana da ruwan wankinsa da kuɗin canzawa a kan lokaci, likita na bibiya, abu ne mai kyau. Kuɗinsa dai ba ya ƙarewa, wata-wata ne ko kullum. Da na jera wa Baba duk wannan, da kansa ya ce a bar maganar.

36/ Muka koma wajen likitar da tabaran. Ta sa masa, ta ɗiga alama da alƙalami daidai ƙwayar idonsa, ta gwada da alamomin da ke jikin gilashin. Ta ce an saukar da tsakiyar ƙasa da inda ya kamata, kuma firam ɗin ya yi siriri har an yanke rabin gidan karatu. Lambar daidai take. Zaman gilashin a fuska ne ba daidai ba.

37/ Ashe shi mara layi kamar kaftani yake, sai an auna mai shi. Ana auna tazarar kowace ƙwayar ido daga karan hanci, da tsayinta a cikin firam ɗin da mutum ya zaɓa, yana sanye da shi. Milimita biyu ko uku na iya ɓata komai. Da ta faɗi haka Baba ya yi dariya ya ce, "Ashe yankan 33 aka yi mini a maimakon 38."

38/ Aka sake wani da firam mai zurfi, asarar farko kuma ta zauna mana. Likita ta ba shi ƙa'idoji: "Baba, ka nuna abu da hancinka, kai za ka juya ba ido ba. In za ka sauka matakala ko tsallaka kwata, sunkuyar da kai ka kalla ta sama. Ka sa tun safe, kada ka riƙa komawa tsohon. Mashin kuma a jira sai jirin ya tafi."

39/ Sabon da ake magana a ƙwaƙwalwa yake faruwa. A ƙarshen shekarun 1890 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Stratton, ya yi kwana takwas sanye da gilashin da ke kifar da duniya, sama ta koma ƙasa. Kwanakin farko ya sha wuya, kafin ƙarshe yana zirga-zirgarsa. In ƙwaƙwalwa ta iya da wannan, 'yar murɗewar gefe mai sauƙi ce.

40/ Baba ya ɗauki kwana goma sha biyu. Na huɗun farko da mita, daga nan ta ragu, ran nan sai na ga ya karanta saƙo ya ɗaga kai ya amsa sallamar maƙwabci bai taɓa tabaran ba. Mafi yawan mutane kwanaki ne zuwa sati biyu. In an wuce wata ana jiri, a koma a sake awo. Akwai kuma waɗanda ba sa sabawa sam, su mai layi ya fi musu.

41/ Saura ƙiris. A kan keke, in yana bin dogon ɗinki ko yana yanka a tebur, gidan kusa na mara layi ya yi masa ƙunci, sai ya yi ta kaɗa kai. Maganin mai arha ne: aka yanka masa na kusa zalla, da lambarsa, yana ajiye a aljihun keken. Mara layi na fita da karɓar kwastoma, na kusa na zaman aiki. Bayan shekara 240, Franklin zai yi dariya.

42/ Don kada a ce labarin gidanmu ne kawai: a 2018 an wallafa wani gwaji da aka yi a Assam ta Indiya da masu tsinkar ganyen shayi 751. Waɗanda aka ba tabaran kusa, abin da suke tsinka a rana ya ƙaru da kusan kashi 22 cikin 100. Wani gwajin a Bangaladash da aka wallafa a 2024, da teloli da masaƙa a ciki, ya nuna kuɗin shiga ya ƙaru da kusan kashi 33.

43/ An ƙiyasta cewa a 2015 mutum biliyan 1.8 ne ke da idon dattijo a duniya, miliyan 826 daga ciki ba su da gilashin da ya dace. Ku leƙa layin teloli, masu gyaran waya, masu aikin hula, masu tsintar shinkafa, malaman makaranta a Kakuri, Makera, Nasarawa da Barnawa. Duk wanda ya haura 45 yana miƙe hannu da waya, yana cikin lissafin nan.

44/ Abin da zan roƙa: na faranti ba ya kashe ido, kuma ya fi babu. Amma mai faranti ba ya duba hawan jinin ido, wanda ke cin gani ba ciwo ba alama, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ba ya ganin ɓarnar ciwon suga a bayan ido. Ku kai iyayenku a duba su ko sau ɗaya, sannan a yi maganar wane gilashi.

45/ In an zo zaɓe, ku gaya wa likita aikin da suke yi da awa nawa, ko suna tuƙi, da irin ruwan da ke gida. In mara layi ne, kada ku biya sai an auna su da firam ɗin a fuska, ku kuma tambaya ko za a gyara in bai zauna ba. Mu rashin wannan tambaya ya ci mana ladan kaftani goma.

46/ Sallar da ta wuce Baba ya ɗinka kaya sun fi na kowace shekara tun da na yi wayo, ba wanda ya dawo da nasa. Yaron shago ya huta da sa zare. Yanzu rigimar ta koma kan Umma, ita ma ta fara miƙe hannu da waya, ta ce wai rubutun ne suka ƙanƙanta. Ranar Asabar za mu je. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, abin da ya shafi magani kuma a kai wa likita.